Tafiyar Kasuwanci Zuwa Italiya: Farashin Barci Da Lissafin Guzuri A Birnin Milan

Sau biyu a kowace shekara, cikin watan Fabrairu da na Satumba, 'yan kasuwar fata da takalma daga sassa daban-daban na duniya kan yi cincirindo a birnin Milan na ƙasar Italiya, domin halartar bajekolin fatu na Lineapelle da na takalma na MICAM. Daga cikinsu akwai 'yan Nijeriya, kama daga masu masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, har zuwa masu shigo da takalma da jakunkuna na Legas da Aba. Dalilin zuwan nasu ba ɓoyayye ba ne, domin Italiya na sahun gaba cikin ƙasashen da ke sayen fatar Nijeriya, musamman ta jar akuyar Sakkwato wadda ta daɗe da yin suna a kasuwannin Turai.

Sai dai kuma tun bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sassauta wa kasuwar musayar kuɗaɗe a watan Yunin 2023, abin da ya sa darajar Naira ta faɗi warwas, kowane Yuro ɗaya da ɗan kasuwa zai kashe a wannan tafiya ya zama abin tsayawa a duba. Bayan kuɗin jirgi, babu abin da ke lashe guzuri kamar masauki, kuma a nan ne akasari ake yin araha wadda ba ta ado. Mutumin da ya kwana ido biyu saboda hayaniyar titi, shi ne zai wayi gari ya zauna gaban mai saye yana ciniki a kan kaya na dubban Yuro. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a farashin kwantena guda ya ninka duk abin da aka tsimi a kuɗin ɗaki.

Abu na farko da ke yanke farashin ɗaki a Milan shi ne kalanda. Otal-otal na birnin ba su da tsayayyen farashi. Suna ɗagawa suna saukewa gwargwadon yawan masu nema, kamar yadda farashin rago ke yi gabanin Babbar Salla. Makon bajekolin kayan ɗaki na Salone del Mobile, wanda aka fara tun 1961 kuma ake yi cikin watan Afrilu, da makonnin nunin tufafi na Fabrairu da Satumba, su ne lokutan da ɗaki ke zama gwal. Wanda bajekoli ya kai shi ba shi da zaɓi game da rana, don haka makaminsa kawai shi ne kama ɗaki da wuri. Amma wanda ziyarar masana'anta ko ganawa da abokin hulɗa ce ta kai shi, ya kamata ya fara duba jadawalin bajekolin birnin kafin ya sa rana. Matsar da tafiya da mako ɗaya tak na iya rage kuɗin masauki fiye da duk wani tayi da zai yi. Kazalika watan Agusta ba na kasuwanci ba ne a Italiya: a kewayen hutun Ferragosto na ranar 15 ga watan, masana'antu da ofisoshi da dama kan rufe na makonni.

Kama ɗaki da wuri yana da nasa haɗari ga ɗan Nijeriya, saboda batun biza. Ofishin jakadancin Italiya a Abuja da ƙaramin ofishinta na Legas na bin dokokin yankin Shengen, waɗanda suka tanadi a nuna shaidar masauki da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma an ƙara kuɗin bizar daga Yuro 80 zuwa 90 a watan Yunin 2024. Ke nan ana kama ɗaki ne tun ba a san ko za a sami izinin shiga ba. Otal-otal kan ba da farashi iri biyu: mai rahusa wanda ba a mayar da kuɗi in an fasa, da mai ɗan tsada wanda ake iya sokewa kyauta har zuwa wata rana. Bambancin da ke tsakani tamkar kuɗin inshora ne, kuma ga wanda fasfonsa ke hannun ofishin jakadanci, biyansa ya fi hikima nesa ba kusa ba. Haka nan yana da kyau a duba lambar rajista ta ƙasa da ake kira CIN, wadda doka ta wajabta wa masu ba da hayar masauki su nuna a tallarsu tun daga farkon 2025. Tallar gidan haya a intanet da ba ta ɗauke da wannan lamba abar tuhuma ce.

Abu na biyu shi ne unguwa. Filin bajekolin ba a tsakiyar Milan yake ba. Yana garin Rho ne, arewa maso yamma da birnin, inda aka buɗe shi a 2005, kuma can Lineapelle ya koma a 2014 bayan shekaru yana gudana a Bolonya. Layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M1, wato jan layi, yana ƙarewa a bakin ƙofar filin, kuma tikitin cikin gari, wanda aka mai da shi Yuro 2.20 a watan Janairun 2023, yana aiki na minti 90. Bugu da ƙari, jiragen ƙasa na kewayen birni da ke fitowa daga Nobara, da waɗanda ke biyowa ta Gallarate da Busto Arsizio da Legnano, duk suna tsayawa a tashar filin. Waɗannan ƙananan garuruwa sun fi tsakiyar birni natsuwa da dare, kuma sau da yawa ɗakunansu sun fi sauƙin kuɗi, ko da yake su ma masu otal na can sun san kalanda.

Ma'aunin da ya dace shi ne jimillar kuɗin kwana da na zirga-zirga, ba kuɗin kwana kaɗai ba. A ɗauka misali akwai ɗakuna biyu: na farko Yuro 95, tafiyar minti biyar a ƙafa zuwa tashar jirgi, na biyu Yuro 70, amma a bakin babbar hanya inda ba a fita sai da tasi. In tasi ya ci Yuro 20 zuwa, 20 dawowa, to ɗakin Yuro 70 ya tashi a 110, alhali na farkon bai kai 100 ba har da tikiti biyu. Hayar mota ma ba mafita ba ce ga baƙo. Tun 2012 ake biyan kuɗin shiga tsakiyar Milan da mota a ƙarƙashin tsarin Area C, kuma yawancin biranen ƙasar na da unguwannin da aka taƙaita wa motoci shiga, inda kyamara ke ɗaukar lamba, takardar tara ta biyo mutum har gida bayan watanni.

Dangane da hayaniya kuwa, wuraren da suka fi arha su ne suka fi fama da ita. Kewayen babbar tashar jirgin ƙasa ta Centrale a Milan, kamar dai kewayen tashar Termini a birnin Rum, cike yake da ƙananan masaukai masu sauƙin kuɗi, kuma yana da amfani ga mai shirin wucewa wani gari da asuba, amma titunansa ba sa barci, sannan wuri ne da ake kula da aljihu. Unguwar Navigli ta bakin magudanan ruwa lafiya lau take da rana, da dare kuwa matattarar masu shaƙatawa ce har zuwa tsakar dare da bayansa. Akwai kuma taragon kan titi, wanda wasu daga cikin na Milan ƙirar ƙarshen shekarun 1920 ne kuma har yau suna aiki. Abin sha'awa ne ga ido, amma ƙarar ƙarfensu a kan kwana ba ta ƙyale kunne. A ƙara da babura, da ƙararrawar coci, da motar kwasar shara mai juye kwalabe da sassafe. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin jagorar da ta fitar wa nahiyar Turai a 2018, ta ba da shawarar kada ƙarar ababen hawa ta wuce desibel 45 da dare, saboda illarta ga barci. Ɗakin da ke kallon titin da tarago ke bi ba shi da alamar cika wannan sharaɗi in taga na buɗe.

Abin daɗin shi ne natsuwa ba lallai ne a saye ta da tsada ba, domin ta fi dogara ga inda ɗakin yake a cikin ginin, ba ga yawan taurarin otal ba. Taurari dai jihohin ƙasar ne ke tsara ƙa'idojinsu, kuma suna auna abubuwa irin su girman ɗaki da lokutan aikin ma'aikatan karɓar baƙi. Ba su ba da tabbacin shiru. Yawancin tsofaffin gine-ginen biranen Italiya an yi su ne kewaye da tsakar gida, wadda ake kira cortile. Ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida ba shi da abin kallo, wani lokaci ma yana da ɗan duhu, don haka masu yawon buɗe ido ba su cika son sa ba, kuma farashinsa ba ya wuce na mai kallon titi. Ga ɗan kasuwar da barci ya kawo shi ɗakin, wannan garaɓasa ce. Kalmomin da ake rubuta wa otal su ne camera interna, wato ɗakin ciki, ko camera silenziosa, wato ɗaki mai shiru, kuma ya fi kyau a aika saƙon kai tsaye ga otal ɗin bayan an kama ɗaki, a kuma nemi amsa a rubuce.

Sauran tambayoyin ba su da yawa, amma kowace na da dalili. Shin tagogin masu gilashi biyu ne? Ɗakin na jingine da lif, ko matakala, ko zauren karin kumallo inda ake fara jan kujeru tun da duku-duku? A wane bene yake? A nan a lura cewa abin da Italiyawa ke kira piano terra shi ne ƙasa, primo piano kuwa shi ne hawa na farko. Hawa na uku zuwa sama ya fi nisa da titi, sai dai a tabbatar akwai lif, domin ƙananan masaukai da yawa hawa ɗaya ko biyu kawai suka mallaka a cikin tsohon gini, kuma mai ɗauke da akwatin samfurin fatu ya san nauyinsa. Irin waɗannan gine-gine katangarsu ta waje kauri gare ta, amma bangon da aka raba ɗakuna da shi daga baya yakan zama siriri, har ana jin tarin maƙwabci.

Tambayar da aka fi mantawa ita ce ta na'urar sanyaya ɗaki. Farkon Satumba Milan na da sauran zafi da gumi, ga sauro, kasancewar birnin na kusa da gonakin shinkafa. Ɗakin da ba shi da na'ura, ko wanda otal ya riga ya kashe tasa saboda an ce bazara ta wuce, zai tilasta buɗe taga, kuma da zarar an buɗe ta, gilashi biyu ya tashi aiki. A watan Fabrairu matsalar ba ta tasowa, tun da a bisa ƙa'ida ana kunna ɗumama gine-gine a Milan daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Afrilu. In an isa, ba abin kunya ba ne a nemi ganin ɗaki kafin a sauke kaya, a rufe taga a saurara na minti ɗaya. Canjin ɗaki ya fi sauƙi da la'asar ɗin farko fiye da bayan an kwana.

Akwai kuɗaɗen da ba su cika fitowa a farashin da ake gani a intanet ba. Babbansu shi ne harajin kwana, wanda birnin Rum ya fara karɓa a 2011, Milan ta bi sahu a 2012. Ana lissafa shi a kan kowane mutum a kowane dare, gwargwadon darajar masaukin, kuma galibi a otal ake biya. Zuwa don kasuwanci ba ya kuɓutar da mutum. Za a kuma nemi fasfo a wurin karɓar baƙi, domin doka ta ɗora wa masu masauki sanar da 'yan sanda sunayen baƙinsu. Mai tafe da tsabar kuɗi ya sani cewa dole ne ya bayyana wa jami'an kwastan in abin da ke hannunsa ya kai Yuro 10,000, sannan tun daga Janairun 2023 dokar Italiya ta hana biyan Yuro 5,000 ko fiye da haka hannu da hannu. Kuɗin ajiyar kaya sai ta banki.

Abinci kuwa nan ne tsimi ya fi sauƙi. Karin kumallon Italiyawa kofi ne da ɗan burodi mai zaƙi, don haka ba dole ba ne a biya ƙarin kuɗin na otal. A shagon kofi, wanda ya sha a tsaye bakin kanta ya fi wanda ya zauna a tebur biyan kaɗan, musamman a tsakiyar gari. Gidajen abinci kan ƙara wani kuɗin zama da ake kira coperto a kan kowane mutum, kuma a rubuce yake a jikin takardar jerin abinci ga mai dubawa. Manyan kantuna irin su Esselunga da Coop da Conad na sayar da 'ya'yan itace da burodi da madara a kan farashin 'yan gari, ruwan famfo kuma na sha ne. Musulmi zai sami wuraren abincin halal a kewayen Centrale da titin Padova, amma ya riƙe kalmomi biyu: maiale shi ne alade, strutto kuwa kitsensa ne, wanda ake sawa a wasu nau'o'in burodi ba tare da an yi shela ba.

Wanda zai zarce zuwa cibiyoyin jima na Santa Croce sull'Arno a jihar Tuskani ko Arzignano a Beneto, ko kuwa bajekolin tayil na Cersaie da ake yi a Bolonya cikin kaka, jirgin ƙasa ne abokin tafiyarsa. Tun da kamfanin Italo ya shigo ya fara gogayya da Trenitalia a 2012, tikitin jirage masu gudu ya koma kamar na jirgin sama: mai rahusa ga wanda ya saya da wuri, mai tsada ga wanda ya jira ranar tafiya. Daga Milan zuwa Bolonya kimanin awa ɗaya ne, zuwa Fulorens ƙasa da awa biyu, abin da ke nufin ana iya riƙe ɗaki ɗaya mai kyau a yi ta zuwa ana dawowa, maimakon yawo da kaya daga otal zuwa otal. Tikitin takarda na jiragen jiha sai an buga masa hatimi a na'urar tasha kafin a hau, in ba haka ba akwai tara. Yajin aikin ma'aikatan sufuri kuma abu ne da aka saba da shi a ƙasar, amma ana sanar da shi tun da wuri, kuma a ranakun aiki akan tabbatar da zirga-zirgar wasu jiragen jiha daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe da kuma 6 zuwa 9 na dare.