Kafin Ka Watsa Tokar Kwal a Ƙofar Gida

A arewa maso gabashin jihar Fensilbaniya ta Amurka, inda aka daɗe ana haƙar wani kwal mai tauri da ake kira antarasayit, har gobe akwai gidajen da ke ɗumama ɗakunansu da murhun kwal. Da hunturu murhun ba ya mutuwa, toka na taruwa bokiti-bokiti. A waje kuwa ƙanƙara ta daskare kan 'yar hanyar da mota ke bi daga titi zuwa gareji. Sai maigida ya kwashi tokar ya watsa a kai, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ya rabu da shara, ya kuma tsira daga santsi.

Dabarar tana aiki, ba a musun wannan. Tokar kwal tana da kaushi da 'yan tsakuwa, saboda haka taya da takalmi na samun abin kamawa, duhunta kuma na jawo zafin rana ya taimaka wajen narkar da ƙanƙarar. Ba ta cin siminti da ƙarfen mota irin yadda gishiri ke yi. Kai, har filayen tseren gasar Olamfik da irin wannan ɓurɓushin ake shimfiɗa su, kafin a koma na roba a Meksiko a 1968.

Matsalar tana cikin abin da ido ba ya gani. Kwal ma'adini ne da ya shekara miliyoyi a ƙarƙashin ƙasa. Idan ya ci wuta, abin da ke ƙonewa ya tafi, sauran ya tattaru a cikin tokar, har da sinadarai masu guba irin su arsenik da dalma da kadmiyom. Waɗannan ba sa ruɓewa. Ruwa ya sauka ya tafi da su cikin lambu ko gefen rijiya, takalmi ya kwaso su zuwa tsakar ɗaki inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki, in kuma ƙasa ta bushe iska ta tayar da ƙurar a shaƙa.

A watan Disamba na 2008, madatsar tokar wata tashar lantarki a Kingiston ta jihar Tenesi ta ɓalle, taɓon toka fiye da galan biliyan 1 ya malale gidaje da koguna. Da yawa daga cikin ma'aikatan da suka kwashe shi sun kamu da cututtuka daga baya, har magana ta kai kotu. Gaskiya bokitin gida ba tashar lantarki ba ne, kuma watsawa sau ɗaya ba za ta kwantar da kowa ba. Abin tsoro shi ne bokiti kullum, a wuri guda, shekara da shekaru.

Maganar ta shafe mu ta nan: a Nijar ana haƙar kwal a yankin Cirozerin kusa da Agadas, ana kuma ƙarfafa wa magidanta gwiwa su riƙa girki da kwal don a rage saran itatuwa. Manufa ce mai kyau. Sai dai mu mutane ne da suka saba cin moriyar toka. Da ita ake ruwan toka na miya, a goge tukunya, a zuba wa shuka, a cike kwatamin ƙofar gida da damina. Duk wannan da tokar itace da ta kara aka san shi. Uwargidan da ta koma kwal kada ta ɗauka toka duk toka ce. Ta kwal ba ta shiga abinci, ba ta zuwa gindin alayyafo ko tumatir, ba a barin kaji su yi birgima a cikinta.

Wanda ya ga lallai sai ya watsa ta a hanya, to ya zuba kaɗan, nesa da rijiya da lambu da wurin wasan yara, ya yayyafa ruwa don kada ta tashi. In akwai yashi ko tsakuwa, su suka fi.

Sannan a kula da garwashi, domin yakan kwana biyu ko fiye a cikin toka bai mutu ba. A kwashe a bokitin ƙarfe mai murfi, ban da na roba ko kwali, a ajiye a waje nesa da zana da mota da jarkar fetur. Kada a bar shi ya kwana a ɗaki a rufe, saboda iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mai barci.