Shin Ko Kun San? Gulabe da Itatuwan Jihar Maradi

• Shin ko kun san cewa babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram tana ratsa Gidan Rumji, Tibiri, Maradi, Cadawa, Agye da Gazawa? Matafiyi ba zai ga manyan duwatsu a nan ba. Adon wannan ƙasa yana cikin gulabenta da itatuwanta.

• Shin ko kun san Gulbin Maradi a Nijeriya yake tasowa, a ƙasar Katsina? Yana bi ta Jibiya, ya shigo Nijar, ya wuce Madarunfa, Maradi, Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Nijeriya ya zuba cikin Rima. Da damina ne kawai yake kawo ruwa. Da rani kuwa fadamarsa ce ke ciyar da masu lambu.

• Ambaliyar wannan gulbi ce ta ci tsohon garin Maradi a 1945, dalilin da ya sa aka mayar da garin kan tudu.

• Shin ko kun san Tibiri, a gundumar Gidan Rumji, nan ne fadar Sarkin Gobir? Gobirawa sun kafa garin a 1836, bayan yaƙin Gawakuke, ƙarƙashin Sarki Mayaƙi.

• A gabas kuma akwai Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Gazawa ya nufi Mayahi. Kwarinsa cike yake da goruba, wadda ke yin rassa biyu-biyu, saɓanin dabino da giginya. Mata na yanko kaba, su tsaga ta siri-siri, su shanya, su saƙa tabarma da faifai, maza kuma su tufka igiya. Yara na gwaguyar ɓawon ƴaƴanta mai zaƙi.

• Shin ko kun san baƙi daga ƙasashe da dama na zuwa Ɗan Saga, wani ƙauye a gundumar Agye, don ganin gonaki? Manoman can sun daina tumɓuke kututture lokacin sassabe. Sukan zaɓi tsiro mafi ƙarfi, su sare sauran, su riƙa yi masa aski har ya zama itace. Garin ya kafa kwamitin tsaro, maza da mata, don hana saran ɓarna.

• Wannan dabara ta fara yaɗuwa a jihar Maradi tun 1983, kuma an ƙiyasta ta farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar.

• Gawo, wanda manoma ke ji da shi, yana kakkaɓe ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani sai ya yi kore shar, awaki su sami inuwa da ƴaƴan ci.

Duk mai bin waccan babbar hanyar kwalta, ya daure ya sauka daga mota ya shiga gonakin. Hannun manoma ne ya raya itatuwan da zai gani, kuma sun cancanci a je a yi musu sannu da aiki.