Mura da hutun jinya a Amurka

A Amurka mura ta fi ƙamari ne tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ma'aikata da dama kan shiga tsaka mai wuya: ko su kwanta a gida su rasa kuɗin yini, ko su fita aiki su shafa wa abokan aikinsu cutar.

Dalili kuwa, babu dokar tarayya da ta tilasta wa ɗaukacin kamfanoni biyan ma'aikacin da ke jinya. Dokar 1993 ta tanadi hutun makonni 12 ne ga mai ciwo mai tsanani, amma ba albashi.

Birnin San Francisco ne ya fara wajabta biyan a 2006, sannan jihar Connecticut a 2011.