Gargaɗi Ga Iyaye Da Matasan Mafara, Bakura Da Maradun: Kada Ku Jinginar Da Gona Don Kulob Ɗin Da Babu Shi

Wannan kira ne na gaggawa, musamman ga iyayen da Allah ya ba ɗa mai ƙafar ƙwallo. Duk wanda ya zo muku, da ƙafarsa ko ta waya, ya ce zai kai yaronku wani kulob a Legas ko Turai ko ƙasashen Larabawa, sannan ya ce a fara ba shi kuɗi, to ku riƙe kuɗinku. Kada ku ba shi ko kwabo, kada ku miƙa masa fasfon yaro, har sai kun tabbatar kulob ɗin da yake ambata yana nan da ransa, kuma ya san da zaman wannan mutumin.

Dalili kuwa shi ne, kulob ɗin ƙwallo yana mutuwa, kuma yawancinmu ba ma jin labarin mutuwarsa. Ku tambayi dattawan da suka bi ƙwallo ta rediyo, za su ba ku labarin Raccah Rovers ta Kano, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978, shekarar da aka kammala madatsar Bakolori. Ina take yau? Leventis United ta Ibadan ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1985, inda ta kara da Al Ahly ta Masar, ta ɗauki gasar Najeriya a 1986, amma ba ta ga 1990 ba, domin kamfanin da ke riƙe da ita ya janye hannu. Abiola Babes ta Abekuta ta ci kofin ƙalubale a 1985 da 1987, ita ma mai ita ya rushe ta ba da jimawa ba. Idan kun ce wannan tsohon labari ne, to ga Giwa FC ta Jos, wadda aka kora daga gasar Firimiyar Najeriya ana tsakiyar kaka a 2016. A shekarar ce kuma aka narkar da Dolphins da Sharks na Fatakwal suka koma Rivers United. Ita kanta Kano Pillars da muke alfahari da ita, ƙungiyoyi uku aka haɗe a 1990 aka samar da ita: WRECA, Golden Stars da Bank of the North. Tamu ta gida, Zamfara United, tana nan, amma tun da ta faɗo daga babban rukuni a 2011 take fafutukar komawa.

Kada wani ya ce muku ai Turai ba haka take ba. Bury ta Ingila an kafa ta tun 1885, ta ci kofin FA sau biyu, amma bashi ya sa aka fitar da ita daga gasa a watan Agustan 2019. A ƙwallon zari-ruga abin ya fi muni. Hunter Mariners ta Ostireliya kaka ɗaya tak ta buga, a 1997, aka rufe ta. Toronto Wolfpack ta Kanada ta janye daga gasar Super League a 2020, ta bar 'yan wasanta suna bin albashin watanni a ƙasar da ba tasu ba. Har Paris Saint-Germain, sunan da kowane yaro a gidan kallo ya sani, ta taɓa yin ƙungiyar zari-ruga a 1996, ta mutu bayan kaka biyu. Girman suna bai hana ba. Kusan duk ciwonsu ɗaya: kulob ya dogara da aljihun mutum guda, ko kamfani guda, ko gwamnati guda, ranar da aljihun ya rufe shi ke nan.

To ga inda haɗarin yake a gare mu. Kulob yakan mutu ya bar sunansa da tambarinsa da hotunansa a intanet. Ofis an rufe, lambar waya ta daina shiga, babu sakataren da zai ce muku ba mu san wannan mutumin ba. Wannan shi ne abin da ɗan damfara yake so. Zai turo takarda ta WhatsApp, tambari a sama, hatimi a ƙasa, sunan yaronku a tsakiya da manyan baƙaƙe, an rubuta ana gayyatarsa gwaji. Yaro ya buga ta a shagon kwamfuta, ya kawo wa mahaifinsa jikinsa na rawa don murna. Daga nan sai kuɗin fom. A biya, sai kuɗin gwajin lafiya. A biya, sai na biza, sai na tikiti, kuma kullum maganar ɗaya ce: a yi sauri, gurbi ɗaya ya rage, jibi za a rufe. Wannan gaggawar ita ce babbar alama. Ba ya so ku sami lokacin tambaya, so yake ku yi cinikin biri a sama. Wani ma ba ya wahalar neman mataccen kulob, sunan mai rai yake ara ba da sanin masu shi ba.

Wanda aka cinye wa kuɗi aka kashe waya, shi ne ma ya tsira da sauƙi. A 2015 BBC ta bankaɗo labarin yara 23 daga Afirka ta Yamma, wasunsu 'yan shekara 14, da aka kwashe zuwa ƙasar Laos da sunan makarantar ƙwallo ta kulob ɗin Champasak United. Makarantar ba ta da rajista. A cikin ginin filin wasa suke kwana, kan 'yan katifu a ƙasa. Waɗannan fa kulob ɗin da ya ɗauke su yana nan a lokacin. Ina ga wanda aka sauke a baƙuwar ƙasa, aka karɓe fasfonsa, ya je adireshin da aka ba shi ya tarar babu kowa?

Ku riƙe abin da doka ta ce, domin makami ne a hannunku. Hukumar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai cika shekara 18 ba a kai shi kulob a wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura can don wani dalilin da ba ƙwallo ba. Ta kuma hana karɓar kuɗi daga ɗan wasa don a yi masa gwaji a ƙasar waje. Ejan na gaskiya yana da lasisin FIFA, sunansa yana cikin jerin da hukumar ke wallafawa, kuma ba shi da ikon ƙulla komai da ƙaramin yaro sai da rubutaccen izinin waliyyinsa. Ku dubi Ahmed Musa. Sai da ya buga a Jos, ya zo Kano Pillars ya zuba ƙwallo 18 a kaka guda, duk ƙasa ta gan shi, sannan VVV-Venlo ta Holan ta neme shi. Duk da haka sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga musu. Idan dokar ba ta ɗaga wa Ahmed Musa ƙafa ba, wane ne wannan da zai ce zai fitar da ɗanku mai shekara 16 a cikin mako biyu? Wanda kuma ya ce a rage wa yaro shekaru ko a sauya masa suna a takarda, ku sani laifi yake jefa ku, kuma yaron ne zai ɗauki tabon.

Na san abin da ke tura mu. Rashin tsaro ya hana noma a wurare da yawa, makarantu sun sha rufewa, uba yana kallon ɗansa zaune ba aiki, sai ga wani ya zo da maganar dala. Wa zai ga laifin wanda ransa ya biya? Amma ku dubi abin da ake cewa ku bayar. Shanun huɗa ne, ko babur ɗin da ake ci da shi, ko filin noman rani a Bakolori, wanda ke ba da shinkafa da albasa da tumatir shekara bayan shekara. A kan wannan ƙasar da diyyarta manoma suka rasa rayukansu a 1980. Ba abin da za a jinginar ba ne saboda takardar da ta shigo ta waya. Haka nan kada yaro ya ajiye karatu. Wanda ke Abdu Gusau Polytechnic ko kwalejin aikin gona ta Bakura ya ƙarasa, wanda ke koyon sana'a ya riƙe ta, ƙwallo ta biyo da yamma. Ko kulob na gaskiya ne ya ɗauke shi, babu wanda zai rantse cewa kulob ɗin zai kai baɗi.

Idan takarda ta zo, kada ku yanke shawara ku kaɗai a cikin ɗaki, ko da an ce ku riƙe sirri. Ku kai ta hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a Gusau a duba ko kulob ɗin yana da rajista kuma yana buga gasa a bana. Ku nemi lambar kulob ɗin da kanku, ba wadda mai takardar ya ba ku ba. Ku tambaye shi lambar lasisinsa. Idan ya fara kame-kame ko ya yi fushi, kun sami amsa. Wanda ya riga ya tura kuɗi kada kunya ta sa ya yi shiru: ya adana shaidar banki da saƙonnin waya, ya kai wa 'yan sanda. Idan kuwa an riga an tafi da yaro, a sanar da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ba tare da an kwana ba.

Ina roƙon iyayenmu sarakuna da hakimai su sa a yi shela. Malamanmu limamai, don Allah ku taɓo wannan a huɗubar Juma'a. Kociyoyin unguwa, yaran nan ku suka fi yarda da ku, kada a bi ta hannunku a cuce su. Masu gidajen kallo, ku faɗa kafin a take wasa. Kai kuma da ka karanta wannan, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba, ka kai maganar kasuwar Mafara ranar Talata, ta isa ƙauyuka kafin mai takardar ya riga ta.