Abin da ke Kai Mai Dogon Tsalle Nesa

Dogon tsalle, wanda ɗalibai ke fafatawa a kansa a gasar wasannin makarantun Funtuwa da Malumfashi, ya dogara ne a kan ƙa'idar da Isaac Newton ya bayyana a 1687, wato duk abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe matuƙar wani ƙarfi bai tare shi ko ya karkatar da shi ba. Wannan naci na jiki ne ya sa mai tsalle yake sheƙowa a guje daga nesa, domin da zarar ƙafarsa ta bar ƙasa ba shi da abin da zai ƙara tokarawa, sai saurin da ya tara ya ɗauke shi gaba yayin da maganaɗisun ƙasa ke janyo shi. Da irin wannan gudu Chioma Ajunwa ta tsallake mita 7.12 ta ci wa Nijeriya zinare a Atlanta a 1996.

Ƙarfin tafiya kuwa, wato nauyin jiki idan aka ninka shi da saurinsa, dole ne ya ƙare wajen dira, kuma a nan haɗarin yake. Yashi mai laushi da lanƙwasa gwiwa suna tsawaita lokacin tsayawa, sai bugun ya ragu, alhali busasshiyar ƙasar rani tana tsayar da jiki nan take, gaɓoɓi su sha wuya. Ya wajaba kowace makaranta ta haƙa ramin yashi kafin ta sa yara tsalle.