Tarin Hunturu da Tarin Fuka a Ƙofar Kware

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya rufe Sakkwato, da wuya ka ratsa Ƙofar Kware ba ka ji ana tari ba. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele a Chadi, ta haɗu da hayaƙin babura da na itacen girki. Maƙogwaro ya bushe, hanci ya toshe, murya ta dushe. Wannan tarin ko mai shayi ya san makamarsa: ruwan zafi da citta da kanumfari, a matsa lemun tsami, a ɗiga zuma, a kare hanci da rawani. Kafin mako ya zagayo ya fara lafawa. Zumar dai kada a ba jaririn da bai shekara ba.

Tarin fuka kuwa shigar burtu yake yi. Da farko kunne ba ya raba shi da na hunturu, sai a ce ai sanyi ne. Kwanaki ne ke tona shi. Mako biyu sun wuce bai tafi ba, ga zazzaɓin yamma, ga gumin dare har matashi ya jiƙe alhali kowa na neman bargo. Wando ya fara zamewa daga ƙugu, wani lokaci a ga jini a kaki. Ƙwayar cuta ce da Robert Koch ya gano a 1882. Iska take bi, kuma ɗakin da aka toshe tagoginsa don gudun sanyi shi ta fi so. Abin damuwa, Nijeriya ce ke gaba a Afirka wajen yawan masu fama da ita.

Citta ba ta kashe wannan ƙwaya, haka ma kwalbar maganin tari ta kemis. Abinci dai yana tallafar jikin da ya rame: wake, ƙwai, gyaɗa, kifi, kwaɗon zogale, da nonon da aka tafasa madararsa, domin ɗanyar madara kan ɗauko tarin fukan shanu.

Gwajin kaki da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Wata shida ake sha. Fitsari zai yi ja, kada a tsorata, aikin maganin ne. Abin tsoron shi ne mutum ya ji sauƙi a wata na biyu ya ajiye, cutar ta dawo da taurin kai. Duk wanda suke kwana ɗaki ɗaya da majinyacin, musamman ƙananan yara, a kai shi a duba shi.