Rabe-raben Kuskuren Ɗan Adam a Haɗurran Jirgin Ƙasa

Tun daga ƙarshen shekarun 1980, binciken haɗurran jirgin ƙasa ya sauya alƙibla, inda masu bincike suka daina wadatuwa da cewa sakacin direba ne ya jawo haɗari, suka koma rarrabe kuskuren gida-gida, domin kowane iri da maganinsa. Rabon da ya fi karɓuwa shi ne na James Reason, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Birtaniya, wanda a littafinsa na 1990 ya bambanta suɓucewar hannu, wato mutum ya nufi daidai amma ya aikata wani abu daban, da mantuwa, da kuskuren lissafi inda niyyar kanta ta ginu a kan gurguwar fahimta, sannan da karya ƙa'ida da gangan. Ya kuma raba kuskuren da ake gani nan take da ɓoyayyen lahani, wanda kan kwanta shekara da shekaru a cikin horo ko jadawalin aiki ko ƙirar na'ura kafin ranar da zai fito fili.

Haɗurran da kansu ne suka tilasta wannan sauyi. A Clapham Junction da ke Landan, inda mutum 35 suka rasu a 1988, an gano cewa ma'aikacin da ya bar tsohuwar wayar sigina ba a killace ba ya shafe mako 13 yana aiki kusan ba ranar hutu, kuma babu wanda ya bi bayan aikinsa ya duba. A Ladbroke Grove kuwa, a 1999, direban da ya wuce danja bai fi mako biyu da fara tuƙi shi kaɗai ba, sannan sigina ɗin, mai lamba SN109, an riga an wuce ta tana nuna danja sau takwas cikin shekara shida, abin da ke nuna cewa matsalar ta girmi direban. Mutum 31 ne suka mutu, kuma bayan haka Birtaniya ta hanzarta sanya na'urar TPWS, wadda ke taka birki da kanta idan jirgi ya wuce danja.

Haɗarin Amagasaki na Japan, a ranar 25 ga Afrilu 2005, shi ya fi bayyana illar jefa kuskure a gidan da ba nasa ba. A wancan lokaci kamfanin jirgin, JR West, yana da wani horo na ladabtarwa da ake cire direba daga tuƙi a sa shi rubuce-rubucen neman afuwa da ayyukan wulaƙanci, ko da laifinsa makara ce ko zarce wurin tsayawa, wato ana hukunta suɓucewa tamkar ganganci. Direban, ɗan shekara 23 wanda ya taɓa ɗanɗana wannan horo, ya zarce wurin tsayawa a tashar Itami, kuma masu bincike sun yi hasashen cewa hankalinsa ya tafi ga rahoton da kwandasta ke bayarwa a kansa ta rediyo, har ya shiga kwanar da iyakar gudunta kilomita 70 a awa yana gudun kusan 116. Mutum 107 suka halaka, har da shi kansa.

Sai dai rabon yana da rauninsa. Ana yin sa ne bayan mai afkuwa ta afku, lokacin da mai bincike ya san abin da direba bai sani ba, shi ya sa masana biyu kan iya sanya aiki ɗaya a gida biyu, musamman a tsakanin kuskuren lissafi da karya ƙa'idar da kowa ya saba karyawa don cim ma jadawali. Haka kuma shari'a ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da bincike, domin ita tana neman mutum guda da za a tabbatar ya hango haɗarin, alhali ɓoyayyen lahani a warwatse yake a ofisoshi da yawa. Kotunan Japan sun wanke tsoffin shugabannin JR West da aka gurfanar, duk da cewa rahoton hukumar bincike na 2007 ya ambaci tsarin ladabtarwar kamfanin cikin abubuwan da suka taimaka wajen haɗarin.